Ni Ne Na Ɗebo Ƙasar

Ranar Talata da la'asar ina kishingiɗe a zaure, sai na ji jikata a tsakar gida tana bitar karatu da muryar nan ta 'yan makaranta, wadda ake jan ƙarshen kowace kalma kamar mai tallar kunu. "Zaman lafiya shi ne rashin tashin hankali, da haƙuri da juna, da girmama ra'ayin wani." Ta faɗa, ta sake, ta kuma sakewa, tana yi tana jan majina. Na kira ta in ji dalilin kukan. Da ta miƙo mini littafin sai na ga sawun bulala uku a damtsenta, sun tashi ruɗu-ruɗu. Na ce wa ya yi miki wannan aika-aika? Ta ce malaminsu ne, wai don ta kasa kawo ma'anar zaman lafiya da ka.

Dariya na yi, irin wadda ba ta kai ciki ba. An zane yarinya 'yar shekara tara don ta koyi haƙuri da juna, kuma na tabbata wanda ya zane ta ya koma gida yana ganin ya yi aikin lada. Daga nan wani tsohon haushi ya taso mini, wanda na yi shekara sittin da ɗoriya ina dannewa. Zan ba ka labarinsa, mai karatu, amma kada ka gyara zama da niyyar jin labarin yaron kirki. Ba a taɓa kirana da wannan suna ba, kuma ba a zalunce ni ba.

A Ƙofar Ran aka haife ni, a gidan mahauta, lokacin Turawa suna nan kuma garin Bauchi bai gama tsallake ganuwarsa ba. Gidanmu ko makaho ya san ya iso, saboda warin fatun da aka shanya a katanga da ƙaurin kitse da ke kama riga. Mahaifina ya rasu ina goye, don haka Baffa, ƙanensa, shi ke riƙe da gida. Baffa mahauci ne da safe, ɗan dambe ne bayan girbi, kuma a kowane lokaci mutum ne mai saurin hannu. In aka doke ka a waje ka shigo da kuka, zai ƙara maka. In kuwa ya kama ka da ƙarya, sai dai makwabta su ƙwace ka. Na ga ranar da ɗansa na cikinsa ya ce ya je makarantar allo alhali rafi ya tafi, yaron nan sai da ya yi sati yana kwana rub da ciki.

Mazan gidanmu duk masu ƙirji ne. Ni kaɗai na fito siriri kamar tsinken tsire, ga ƙaton kai, ga tsoro. Ban iya duka ba, ban iya ɗaukar duka ba. Amma Allah ya ba ni baki, sai na nemi sana'a da shi.

A zamaninmu yara ba sa fara faɗa haka siddan. In biyu suka yi cirko-cirko suna hararar juna, sai na uku ya sunkuya ya ɗebo ƙasa a tafin hannuwansa biyu, ya shiga tsakiya ya miƙa su. Ya ce ta dama ta wane ce, ta hagu ta wane ce, wanda ya haifu ya buge ta abokin gabarsa. Da zarar an buge maka taka, to kamar an zagi gidanku ne kaf, ba ka da sauran hanya sai ka shiga. Wanda aka kayar kuma a cika masa baki da ƙasa, ya tashi yana tofarwa ana yi masa ihu. Mai ɗebo ƙasa shi ba a taɓa shi. Yana kakkaɓe hannu ya koma gefe ya yi kallo.

Ni ne mai ɗebo ƙasar unguwarmu, kuma ba na jiran a yi cirko-cirko, ni nake haɗa shi. In je wurin wannan in ce, kai kuwa ka ji abin da wane ya faɗa a kanka? In koma wurin wancan in ce, ni dai ba ruwana, amma da ni ne ba zan yarda ba. Kafin azahar magana ta nuna. Kowa yana so in kasance a ɓangarensa, saboda haka gaɓar rake ba ta wuce ni, gyaɗa ba ta wuce ni, kuma ƙattin yaran da za su iya karya ni gida biyu su ne 'yan rakiyata. Kakata, mahaifiyar babana, mai suyar masa a ƙofar gida, ita kaɗai ta gano ni. Wata safiya tana gaban tanda, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Kai ɗan nan, ban taɓa ganin ka da kumburarren ido ba, amma duk inda ka zauna sai 'ya'yan mutane sun koma gida da jini." Na ce sharri ake yi mini. Ta ce, "Uhm," ta miƙo mini masata.

Makarantarmu ta elemantare tana bayan ganuwa, ɗakuna huɗu na laka, da tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshen mangwaro ana buga shi a madadin ƙararrawa. Al'ada ce a lokacin, uba in ya kawo ɗansa ya haɗo da tsumagiya, ya miƙa wa malami da hannunsa don a san ya ba da izini. Kowane aji akwai tulu a kusurwa da ake jiƙa su a ciki don kada su bushe su riƙa karyewa. Duka bai dame mu ba. Wanda aka yi wa goma bai yi kuka ba, ranar shi ne gwarzo a filin wasa, har buɗe baya yake yi ana kallo.

Shekarar da nake aji huɗu, da faɗuwar ruwan farko, aka kawo mana sabon malami. Labari ya riga shi isowa, wai tsohon soja ne, ya yi wa Turawa yaƙin duniya a ƙasar Bama, a can ya koyi boko ya dawo ya yi kwas na malanta. Iyaye suka yi ta murna an samo mai gyara yara. Da zai shigo aji sai da ya sunkuya a ƙofa. Dogo ne, baƙi, tafin hannunsa ɗaya zai rufe fuskar yaro har kunnuwa. Baffa da kansa ya yanko tsumagiyar tsamiya mai kauri ya kai masa. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Washegari muka tarar ya kwashe duk na cikin tulu, har da ta Baffa, ya saƙa shinge da su a lambun makaranta don kada awaki su cinye alayyafo. Baffa ya bi ta wurin ya gane tasa. Ranar kowa a gida ya bi a hankali.

Ashe sojan nan ba ya duka. Ba ya mari, ba ya ranƙwashi, muryarsa ma sai ka kasa kunne. Kowace safiya kafin lissafi sai ya ɓata mana lokaci da abin da ba ya cikin jarrabawa. Duk mai ƙorafi a kan wani ya tashi ya faɗa a gabansa, shi kuma ya ba da amsa, sauran aji su ce ga yadda za a raba. Yakan ce mulkin kai yana tafe, Turawa za su tattara nasu ya nasu, kuma mutanen da ba su iya raba gardamar alli sai da sanda, bai ga yadda za su raba ta gari ba. Mu dai muna kallonsa muna ƙyafta wa juna ido. Ni a raina na ce wannan ƙato an yi asarar tuwo.

A ajinmu akwai ɗan marini, wanda farcensa kullum shuɗi ne don taya ubansa aiki a karofi, da kuma ɗan wani diresa mai wanke miki a asibiti, Kirista daga wajen Dass, yaro mai ƙarfi da shiru-shiru. Na daɗe ina so in ga wanda zai kayar da wani a cikinsu. Na gaya wa ɗan marini cewa wancan ya ce ƙyamar hannun ubanka yake yi. Na gaya wa ɗan diresa cewa wannan ya ce uwarka burkutu take dafawa. Ana tashi tara muka zagaya bayan aji, na ɗebo ƙasa, aka buge, aka sarƙe. An kwana ana ruwa, suka yi ta birgima a taɓo, hancin ɗan marini ya fashe.

Ban ji zuwan Malam ba. Na dai ga ya ɗaga su ɗaya a kowane hannu ya ajiye nesa da juna. Duk malamin da na sani zai tambayi wanda ya fara ne, ya zane su duka biyun, a wuce wurin. Shi kuwa sai ya dubi taron ya ce, "Wa ya ɗebo ƙasa?" Ba sai an faɗa masa ba ma, tafin hannuwana suna nan jajir da laka.

Ya zaunar da mu uku a gindin mangwaro, aji duka a tsaye. Ya ce ɗan marini ya faɗi abin da ya ji da bakin da ya ji shi. Ya ce ɗan diresa ma ya faɗi nasa. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "To gaya mana, a ina kowannensu ya faɗa, wa ke wurin?" Bakin nan nawa da nake taƙama da shi ya mutu murus. Yaran biyu suka dubi juna, suka dube ni. Malam ya ba su kwando ɗaya su kwaso taki tare zuwa lambu. Ni kuwa na gyara baya ina jiran rabona, ina ma roƙon Allah ya yi mini goma in daure in fanshi kaina. Sai ya ce, "Je ka wanke hannunka." Shi ke nan.

Wallahi da ya zane ni da ya fi mini sauƙi. Daga ranar kasuwata ta watse. In na matso kusa da yara sai su yi shiru. In na buɗe baki wani ya ce, a ina ya faɗa, wa ke wurin, sai a fashe da dariya. Rake ya ƙare, 'yan rakiya suka gudu, har wani ɗan aji biyu ya ture ni a bakin rijiya ba wanda ya tanka. Ɗan marini da ɗan diresa kuwa tare suke cin ɗanwake a kwano ɗaya. Na tsani mutumin nan, irin tsanar da ke hana yaro cin tuwo. Na rantse a raina sai na sa ya ɗaga hannun nan ya doki wani a gaban kowa. In ya yi sau ɗaya tak, duk wa'azinsa ya zama ƙarya, ni kuma in koma matsayina.

A kan wannan na ƙare damina. Na kifar da tawada a kan rajista, ya sa na taya shi sake rubuta sunaye. Na sa masa kwaɗo a aljihun tebur, ya fito da shi ya yi mana darasi a kan kwaɗi. Na ɓalle shingen lambu awaki suka yi ɓarna, ya ce in zo mu sake shuka tare, yana yi yana tambayata lafiyar Kakata. Rannan na tsaya a gabansa na ce, "Allah gafarta Malam, Baffana ya ce wai ba ka ga yaƙi ba, safar Turawa kawai ka wanke." Ya yi murmushi ya ce, "Na wanke safa kam, ba ta ƙirguwa. Ka gaishe shi." Na fita ina huci. Can na gane kuskurena. Yaro ba zai iya tunzura wannan mutum ba, sai an samo masa babba daidai shi.

Ruwa ya ɗauke, aka girbe gero, kalangu ya fara tashi a dandali da yamma. Lokacin dambe ne, kuma shekarar zaɓe ce, samarin jam'iyyu suna jifar juna a kan tituna, kowa zuciyarsa a kusa. Wata la'asar na tarar da Baffa a tsakar gida yana naɗe hannun damansa da igiya. Na tsuguna gefe na yi fuskar tausayi, na ce, "Baffa, akwai maganar da nake jin nauyin faɗa." Ya ce in faɗa. Na ce Malam ya gaya wa aji cewa dambe wasan jakuna ne, shi ya ga maza a Bama, mahautan Ƙofar Ran kuwa ƙarfinsu a kan ɗaurarriyar akuya yake ƙarewa, shi ya sa ma ya yi wa awaki shinge da tsumagiyarka. Ko kalma ɗaya Malam bai faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne kada mu riƙa gwada dambe a filin makaranta. Baffa ya ci gaba da naɗa igiyarsa a hankali, jijiyar wuyansa ta tashi. Kakata tana bakin murhu, ta juyo ta dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai.

Washegari da safe muna kan layi ana duba farce, sai ga Baffa ya shigo filin makaranta kai tsaye daga mayanka, jini bai bushe a rigarsa ba, mutane na biye da shi don ganin ƙwaƙwaf. Hedimasta ya leƙo ya koma ofis ya turo ƙofa. Na sulale daga layi na zagaya bayan Malam, inda zan ga komai da kyau. Zuciyata tana bugawa don murna, ba zan ɓoye maka ba.

"Soja, an ce ka ga maza," in ji Baffa.

"Sannu da zuwa, maigida. Lafiya dai?"

Baffa ya matso. Ƙaton mutum mai 'ya'ya shida ya sunkuya a gaban yara ya ɗebo ƙasa cike da tafinsa, ya miƙa ta dab da ƙirjin Malam. "Ga tawa. In ka haifu ka buge."

Malam ya dubi ƙasar. Sai ya mayar da hannuwansa biyu baya. Baffa ya watsa masa ita a fuska, ya bi da mari, hular Malam ta faɗi. Ya ƙara masa na biyu a ɗaya kuncin. Duk wanda ke gaba, abin da ya gani shi ne ƙato a tsaye ƙiƙam kamar turmi ana marinsa. Ni da ke baya na ga wani abu dabam. Hannun damansa ya dunƙule yana karkarwa yana neman ƙwacewa, na hagu kuma ya kama shi a wuyan hannu ya matse, har farce ya nutse a fata, jini ya biyo yatsu yana ɗiga. Ashe ba rashin zuciya ba ne. Da ya saki hannun nan, na tabbata da sai an ɗauki Baffa ranga-ranga.

"Gobe ma ka sake cewa ƙarfina a kan ɗaurarriyar akuya yake," in ji Baffa yana haki. "Ka sake cewa dambe wasan jakuna ne."

Malam ya juya kansa a hankali, idanunsa cike da ƙasa suna zubar da ruwa, ya same ni inda nake. 'Yan aji huɗu duka suka juyo. Kowa ya san tambayar da ke biye, wasu har sun fara motsa baki da ita. In ya ce a ina na faɗa, wa ke wurin, to Baffa zai san na sa shi ya mari malami a bainar jama'a a kan ƙarya, kuma na san abin da ke jirana a gida, in ma na kai gidan. Malam ya daɗe yana kallona. Sai ya mayar da fuskarsa ga Baffa ya ce, "Ka yi haƙuri, maigida. Ba za a sake ba." Ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe, ya ce mu shiga aji. Ranar ya koya mana lissafi kuncinsa a kumbure.

Kafin azahar labari ya karaɗe gari, an mari soja sau biyu ya ba da haƙuri. A mahauta aka yi ta yi wa Baffa kirari. Dattawa suka shiga tsakani, aka ja masa kunne sama-sama, tasa maganar ta mutu. Ta Malam ba ta mutu ba. Yara suka raina shi, in ya juya yana rubutu a allo sai wani ya tafa hannu sau biyu a bayan aji, a kwashe da dariya. Iyayen da suka yi murnar zuwansa suka yi ta sintiri wurin hedimasta, suna cewa wanda bai iya kare kuncinsa ba ina zai iya da 'ya'yansu. Kafin ƙarshen shekara takarda ta fito, an mai da shi wata makarantar ƙauye can wajen Ningi. Bai ɗaga hannu ba, amma na kore shi.

Ranar tafiyarsa Kakata ta cika akushi da masa mai zafi, ta ɗora mini a ka ta ce, "Kai wa malaminku a tasha. Kai za ka kai, ba wani ba." Na same shi zaune a kan akwatinsa na ƙarfe yana jiran a gama lodin mota. Na dire akushin ban gaishe shi ba. Ya buɗe, ya ɗauki ɗaya, ya miƙo mini ɗaya. Da hannun rigarsa ya zame sai na ga tabon farce huɗu a wuyan hannunsa, sun yi baƙi. Ya ga ina kallo, bai rufe ba.

Ya ce, "A Bama akwai wani saurayi da na harbe a bakin rafi, ya zo ɗiban ruwa. Ban san sunansa ba. Bai taɓa zagin uwata ba, ban taɓa zagin tasa ba. Wasu ne can nesa suka ɗebo mana ƙasa, suka koma gefe." Ya tauna masarsa ya haɗiye. "Kana da kai, yaro. Ka yi wa Kakarka godiya."

Ka yafe mini, kalma uku, suna nan a maƙogwarona, ban fito da su ba. Direba ya danna hon, Malam ya hau bayan mota a kan buhunan gishiri, suka tafi. Ban ƙara ganinsa ba, ban kuma ji inda ya ƙare ba.

Na faɗi jarrabawa na maimaita aji huɗu, wanda ya gaji Malam kuwa da dorinarsa ya zo. Tulu ya sake cika, shingen lambu ya ruɓe, awaki suka gama da alayyafo. Da mulkin kai ya zo aka raba mana 'yan tutoci, sabon malami ya yi sati yana zane mu don mu iya maci da waƙar haɗin kai ba kuskure. Iyaye suka ce yanzu aka sami malami. Faɗa ya dawo bayan aji, ni ma na koma sana'ata. Kada ka ɗauka na shiryu a tashar nan. Na girma na yi aikin akawu, na haɗa abokan aiki, na haɗa makwabta, na taɓa raba wa da ƙane a kan maganar da ba wanda ya faɗa. Daɗin ne kawai ya tafi. Duk sanda na koma gefe ina kallo, sai in ga hannun nan yana ɗigar da jini.

Har yau ina jin haushinsa, gara in faɗi gaskiya. Da ya tona ni ranar nan, da Baffa ya farfasa mini jiki na warke a sati biyu, an yi an gama. Sai ya ƙi, ya hau motarsa ya bar ni da abin. Shi ya sa in na ji a rediyo ana taron koyar da zaman lafiya a makarantu, manya sun hallara a otal an raba jaka da lemo, sai in kashe rediyon. Yanzu an sa abin a littafi, yana da ma'ana da ire-ire da amfani guda biyar, ana ba da maki a kansa. Ni mutum ɗaya na gani ya koyar da shi a garin nan, bai taɓa rubuta shi a allo ba, kuma mu muka kore shi, ni a gaba.

Ina riƙe da hannun jikata ranar Talatar nan sai ga ubanta, ɗana na uku, ya dawo aiki. Direban keke ne a nan Gwallaga inda muke zaune yanzu, kuma jinin Baffa ne sak, ƙirji da zuciya. Ya ga damtsen yarinya, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ka san abin da ya fito daga bakina, ni tsoho mai furfura da carbi a hannu? Na ce, "Au, kai kana raye a garin nan a yi wa 'yarka..." Sai na ji muryata. Ita ce dai ta tsakar gidanmu na Ƙofar Ran, ba ta tsufa ba ko kaɗan. Shi kuwa har ya juya ya zaro makullin kekensa.

Na ce, "Dawo ka zauna."

Ya ce, "Baba, ai ba zan bar shi ba."

Na ce, "Na ce ka zauna. Ni zan je."

Washegari na sa babbar riga na kama hanyar makarantar, yarinya tana gaba ina biye. Aji cike maƙil, malamin kuwa ɗan saurayi ne da bai kai ɗana ba, ga bulala a kan tebur kusa da alli. Da na ce na zo ne a kan dukan jikata, sai ya ɗaga murya a gaban yara, ya ce in ba ma so a hore ta mu riƙe abarmu a gida, tsofaffi irina su ke lalata yara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Maganganu suka taru a bakina, irin waɗanda in na sake su sai ya bar aikin nan, kuma na san ƙofar da zan kai kowacce. Na haɗiye su. Na ce masa ba faɗa ya kawo ni ba, roƙo na zo yi, in zai koyar da wannan darasi ya riƙa ajiye bulalar a waje, ko da na wannan darasin kaɗai ne. Ya yi tsaki ya ce ya ji. Ban sani ba ko zai yi.

Jikata ta rako ni bakin ƙofar makaranta, sai ta ce, "Kaka, me ya sami hannunka?" Na duba. Ban san sanda na mayar da su baya ba. Sawun farce huɗu ne a wuyan hannuna na dama, ɗaya har ya yi jini. Shekara sittin da ɗoriya ina ganin abin nan a idona, sai ranar na san zafinsa.